Jawabin shugaban ƙasar Nijar kan 'yan ci-rani: Télé Sahel ko tashoshin waje?

A Damagaram ana yawan tambaya wacce za a kalla, musamman tun da aka soke dokar 2015 kan safarar baƙin haure a Nuwamban 2023.

Télé Sahel, tashar talabijin ta Nijar, kyauta ce, takan kawo jawabi cikakke, har da fassarar Hausa a labaru. Amma ta gwamnati ce: da wuya ka ji mai suka. Tashoshin waje sai da tauraron ɗan'adam ko kuɗin intanet, kuma sukan yanko daƙiƙa kaɗan, su karkata ga damuwar Turai. Matan Kance, a jihar Damagaram, masu tafiya Aljeriya ba safai tashoshin waje ke tuna su ba.

Mai son ainihin kalaman shugaba, Télé Sahel. Mai neman jin martani, ya ƙara da na waje.