Zariya ko Kaduna? Ni dai Kaduna zan ce ki kwana

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya ko Zariya ko Kaduna ya fi ki kwana a tafiyarku ta biki daga Sakkwato zuwa Abuja. Ki wuce Kaduna kawai ki kwana can, kar ma ki tsaya dogon tunani. Daga Sakkwato har Abuja a motar haya da yara uku ga Hajiya ga kaya, ai garin da za ki farka da safe ki ga abin hawa a gabanki shi ne wurin kwana, kuma Kaduna ce ke da wannan. Ni 'yar Gusau ce aure ya kai ni Kubwa, hanyar nan na bi ta da ciki na bi ta da goyo, kuma duka garuruwan biyu na kwana cikinsu da yara, don haka abin da ya same ni zan gaya miki.

Ki duba lissafin hanyar tukuna. Sakkwato zuwa Zariya kusan kilomita 400 ne, ki bi Talata Mafara, Bungudu, Gusau, Kwatarkwashi, Tsafe, 'Yankara, Funtuwa, Giwa, sannan ki faɗo Shika da Samaru, duk wahalar tafiyar a nan take, ga shingayen jami'an tsaro ga ramuka ga tsayawa cin abinci da salla. To in kin riga kin sha wannan, abin da ya rage tsakanin Zariya da Kaduna kilomita 80 ne ko ɗan sama da haka, kuma wannan ɓangaren titin an gyara shi, awa ɗaya da 'yan mintuna kin ga gadar Kawo in dai manyan motoci ba su tare Mararrabar Jos ba. Wannan awa ɗayar da kike ganin kamar ba za ki iya ƙarawa ba don yara sun fara kuka, wallahi ki daure ki ƙara ta, ita ce za ta ba ki hutun gobe gaba ɗaya.

Shekarar da na kwana Kaduna da surukata muke tafe, Inna, tana fama da ciwon gwiwa, ga yara biyu ƙaramar ko yaye ban yi mata ba. Mun sauka Kawo ana shirin kiran magariba, na yi shatar keke zuwa wani ɗan masauki a Unguwar Dosa da ƙanwar maigidana ta yi mana kwatance, ba wani babban otal ba ne, ɗakuna ne 'yan kaɗan da tsakar gida da bishiyar mangwaro. Matar da ke kula da kicin ɗin wurin tana ganin yadda Inna ke jan ƙafa ko tambaya ba ta yi ba ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo a bokiti da tawul ta ce a gasa mata gwiwa, can kuma sai ga ta da tuwon shinkafa miyar kuka ta ce tsohuwa ba za ta iya da indomin da yara ke ci ba. Har yau in Inna ta tuna sai ta sa mata albarka. Muka yi barci har da minshari, ba mai tunanin sammako saboda tikitin jirgin ƙasa na rana na yanka tun muna Gusau.

Da safe bayan koko da ƙosai sai Inna ta ce tunda Allah Ya kawo ta Kaduna a kai ta gidan Sardauna. Arewa House ke nan a kan titin Rabah, daga masaukin namu tafiyar keke ce ba nisa. Ni da na ɗauka shiga za mu yi mu ga hotuna mu fito, sai tsohuwar nan ta tsaya gaban wani hoto nasa da rawani ta yi shiru, ta share ido da bakin mayafi, ta fara ba jikokinta labarin ranar da labarin kashe shi ya iso garinsu a Janairun 1966, cikin azumi, tana yarinya, yadda gidansu aka kasa shan ruwa da daɗin rai. Babban ɗana tun daga ranar ya san waye Sardauna, abin da littafin makaranta bai sa masa a kai ba. Ke da za ki zo da Hajiya 'yar Sakkwato, mutumin da aka haifa a Rabah nan kusa da ku, na tabbata za ta so hakan. Masallacin Sultan Bello ma yana nan kusa a Unguwar Sarki. In lokaci ya ragu akwai Gamji a bakin kogin Kaduna inda yara za su ɗan yi guje-guje, can ne aka ajiye tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, mu dai ba mu samu zuwa ba a ranar sai wani zuwan.

Sai jirgin ƙasa, wanda shi ne babban dalilina. Tun Yulin 2016 yake aiki, kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu, yana tsayawa Kubwa. Ga mai yara da tsohuwa babu haɗi da mota, akwai bayi a ciki yaro ya ce fitsari ki kama hannunsa ku je ba sai kin roƙi direba yana ɓata rai ba, akwai sanyin esi, Inna ta miƙe ƙafarta yadda take so, yara suka manne a taga suna ƙirga shanu har muka wuce Jere. Na san wasu tun harin da aka kai wa jirgin a Maris ɗin 2022 suka ce su da jirgi har abada, kuma ban ga laifinsu ba, an dakatar da shi wata da watanni sai Disamba ya dawo. Ni dai ina hawa, amma wannan ki yi shawara da maigida, abin da hankalinku ya kwanta da shi. In ma kun ce mota, a Kaduna motocin Abuja ba sa yankewa, Kawo akwai Mando akwai, tun asuba ake lodi kuma nan da nan suke cika saboda yawan masu tafiya. Kin ga hanya biyu ke nan a hannunki, in ɗaya ta ƙi ga ɗaya.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki, tashar jirgin tana can ƙarshen Rigasa ne, daga Kawo sai kin bi Mando kin hau baifas har Bakin Ruwa sannan ki shiga ciki ki yi ta tafiya, kuma hanyar akwai cunkoso, ki ba kanki awa ɗaya da rabi ko biyu kafin lokacin tashi. Lokutan tashin ma suna canzawa, ki duba ana jibi ki sake dubawa ana gobe.

Zariya kuwa, to, gari ne mai albarka, garin malamai, ga jami'ar Ahmadu Bello ga asibitin Shika ga fadar Zazzau, ɗaki ma na same shi da ɗan sauƙi a kan Kaduna, iyakar abin da zan ce ke nan. Garin a warwatse yake, Samaru daban Sabon Gari daban Tudun Wada daban cikin birni daban, kuma da safe duk inda kika je kika dawo ta Kaduna dai za ki bi.

Kwanan da na yi a Zariya ne ma ya koya mini hankali. Gajiya ce ta sa na sauka, da safe mai keke ya ajiye mu bakin titi maimakon ya shiga da mu cikin tasha, kafin in sauke ƙafa wani ya sure jakata yana Abuja dairek Hajiya saura mutum biyu mu tashi. Na leƙa na ga mota kusan cike, na biya har da kuɗin kaya. Muna zama sai na ga mutanen ciki suna zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce bari ya sayo ruwa wancan ya ce waya zai amsa, ashe zaunar da su aka yi don a ja fasinja. Tun bakwai da rabi muna nan har wajen sha ɗaya, na ce a ba ni kuɗina aka ce wanda ya karɓa ya je cin abinci. Da muka tashi kuma muna shiga Kaduna direba ya ce mota ta samu matsala, ya sayar da mu ga wata bas, kwandastan can ya ce shi ba a ba shi kuɗin kaya ba sai na sake biya, ga goyo a bayana ga rana. Bayan isha muka sauka Zuba, yarinyata ta yi kuka har muryarta ta dishe. Don Allah kar ki shiga motar bakin hanya ko a wane gari ne, ko da sun rage miki kuɗi, ki shiga cikin tasha inda 'yan yuniyan ke rubuta suna da lambar waya a takarda, kuma kar ki saki jakarki a hannun ɗan kamasho sai kin ga motar da idonki kin ga direbanta. Ki tambaya a fili gaban mutane, motar nan har Abuja za ta ko za a juye mu a hanya.

Haka tikitin jirgi, tun 2021 ta intanet ake saye, daga baya aka ƙara da lambar NIN, kuma sunan da ke jikin tikiti shi ake dubawa da katin shaida. Duk wanda ya tare ki a waje ya ce yana da tikiti a hannu ki ƙara masa wani abu, ko wani a Facebook ya ce ki tura kuɗi zai yanka miki, ki rabu da shi, sau da yawa sunan wani ne a jiki ko ma hoton tsohon tikiti ne, a bakin ƙofa za a mayar da ke da yara da kaya. Ki sa wani yaron gida da ya iya waya ya yanka muku tun kuna Sakkwato, ranar Lahadi da Litinin da lokacin hutun salla yana saurin ƙarewa. Masauki ma kar ki ce wa mai keke kai ni otal mai kyau, wasunsu suna da lada a kan duk baƙon da suka kai, ki samu kwatance tun daga gida wajen wanda ya taɓa kwana, Unguwar Dosa ko Malali ko Unguwar Sarki ko Unguwar Rimi duk ba su da nisa da Kawo. Kafin ki biya ki shiga ɗakin ki murɗa famfo, ki ɗaga zanin gado, ki tambaya ƙarfe nawa ake kashe janareto, ki kuma tambaya ko ana biki a harabar ranar, kiɗa har ɗayan dare da tsohuwa ba daɗi.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in ce ki sauka Zariya, in tafiya ta yi muku nawa kuka iso Kwangila rana ta yi ja, to ki sauka ki kwana, ban yarda da tafiyar dare da yara ba ko ta awa ɗaya ce. Shi ya sa ki kama motar farko daga Sakkwato, tsakanin Gusau da Tsafe zuwa Funtuwa kowa ya san halin da ake ciki, ana so a wuce shi rana tsaka. Kuɗin mota ya hau sosai tun cire tallafin mai a 2023, na sani, amma in motar Sharon ce ki daure ki biya layin tsakiya gaba ɗaya, mutum huɗu suke cusawa a wurin, Hajiya ba za ta iya awa bakwai a matse da yaro a cinya ba. Ki riƙe leda da lemun tsami saboda mai amai, da zani ɗaya a jakar hannu ba cikin but ba.

In bikin naku wajen Kubwa ne ko Dutse ko Gwarimpa ko Bwari, ki sauka tashar Kubwa kar ki bari a kai ki Idu, dawowa baya ne da kuɗin mota na banza. Allah Ya kawo ku lafiya, a gaida Hajiya da yara.