Wace kalkuleta za ka saya wa ɗan sakandare a Zariya?

Duk farkon zango sai iyaye sun tare ni da tambaya ɗaya: "Malam, an ce a saya wa yaro kalkuleta, wacce ce mai kyau?" Ni kuma sai in tambaye su ajinsa, domin abin da ya dace da ɗan SS1 daban, na mai shirin shiga jami'a daban.

Akwai wadda ba sai an daɗe a kanta ba, wato ta 'yan kanti mai manyan maɓallai. Danna mata 2 + 3 × 4, za ta ce 20, don tana bin lambobi yadda suka zo. Amsar 14 ce, tunda a ƙa'ida ana yin sau kafin tarawa. Ba ta kuma da sin, cos da tan, wato maɓallan lissafin kusurwa da ake kira tirigonometiri. A bar wa mai shago abarsa.

Zaɓin gaske tsakanin Casio biyu yake, fx-82MS da fx-991ES Plus. Ta farko tana da ayyuka 240, layi biyu a fuskarta, batiri guda ɗaya, kuma ta fi araha. Tana yin tirigonometiri da logaridim, amma ba ta warware lissafin aljebra da kanta. A wurina wannan ne ma kyanta. Ɗan SS1 da aka ba x² − 5x + 6 = 0 dole ya zauna da biro ya nemo lambobi biyu da in an yi sau ɗinsu a sami 6, in an tara a sami 5, har ya kai ga 2 da 3.

Ta biyu ayyukanta 417, ga sola ga ƙaramin batir, kuma tana rubuta lissafi yadda yake a littafi: sin 60 zai fito a √3/2, ba dogon jerin lambobi ba. Wancan lissafin aljebra na sama kuwa cikin ƙiftawar ido za ta ba da amsarsa. Mai niyyar karanta injiniya ko kimiyya a ABU Samaru ko Kwalejin Nuhu Bamalli zai more ta shekaru. Sai dai na sha ganin yara sun kwafe amsa tsirara daga cikinta, alhali a takardar rubutu ta WAEC da NECO matakan aiki ake ba maki. Shi ya sa nake cewa a jinkirta sayenta sai hannun yaro ya faɗa.

Kafin ka fitar da kuɗi, tambayi malamin jarrabawa na makarantarsu irin wadda za a bari a shiga da ita bana. A JAMB dai ba a shiga da kalkuleta, akwai ta a allon kwamfuta.

Manhajojin waya irin su Photomath suna nuna mataki-mataki in an ɗauki hoton tambaya. Suna da amfani wajen duba aikin da aka riga aka gama, amma waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa.

Sai batun jabu. Ko a kasuwar Sabon Gari za ka saya, ko Tudun Wada, ko Samaru, in farashi ya faɗi warwas ka yi hattara. Duba ko rubutun fuskarta ya dusashe, ko maɓalli yana maƙalewa. Gwada sin 30 a gaban mai kaya, ya kamata ta ba ka 0.5. In ta ce −0.988 ba lalacewa ta yi ba, tana kan radiyan ne, wato wani ma'aunin kusurwa daban, a mayar da ita digiri har ƙaramin D ya fito a sama.

In an kawo ta gida, a kankare sunan yaro a bayanta da cikin murfi, don a aji ɗaya sai ka ga iri ɗaya goma.