Tokaren mastan birki: ya cancanci kuɗinsa a motar gudu?

Masu Subaru WRX da Toyota 86 kan yi odar wannan ƙarfe daga waje, irin na Cusco ko Perrin ko GrimmSpeed. Kaya ne mai kyau, amma ba ya yin aikin da mutane da yawa ke saya dominsa.

Mastan birki, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka feda, a ɗaure yake a jikin busta mai ƙara wa takun ƙarfi, ita kuma bustar a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba. Bangon nan falle ne marar kauri. Idan aka taka birki da ƙarfi yakan ɗan lanƙwasa, mastan ya matsa gaba, wani ɓangare na takun ya tafi a banza bai tura mai ba. Da yake feda tana ninka motsi, milimita 1 a bakin masta takan zama milimita 3 ko 4 a ƙarƙashin ƙafa. Tokaren ana ɗaure shi a kan mazaunin shokozoba, ya dafe bayan masta ya hana shi motsi.

Abin da za ka samu shi ne feda mai tauri, wadda ƙafa ke iya auna ta daidai a taku mai nauyi. Tazarar tsayawa kuwa ba za ta ragu ba, domin da zarar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ta kama, taya da kwalta ne ke yanke hukunci. Wanda yawonsa bai wuce Kofar Kaura zuwa kasuwa ba da wuya ya ji bambanci.

Kafin ka biya, gwada. A ta da inji, a buɗe bonet, mutum ɗaya ya danne feda iya ƙarfinsa, kai kuma ka sa ido a bakin mastan. In ka ga yana motsi, tokare zai yi amfani. In bai motsa ba, laushin fedarka daga wani wuri yake.

Kuma galibi daga mai yake. Man birki yana shan danshi. Man birki samfurin DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155. Haɗa wannan da zafin Afrilu da taku a jere a hanyar Daura, sai feda ta nutse. A canza mai duk shekara 2, a fitar da iska daga layi, a duba fad, wato takalmin birki, da tiyon roba ko ya kumbura. Tokare ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wajen oda a kula sosai. Yawancin kayan da aka yi wa kasuwar Japan na mota mai sitiyari a dama ne, namu kuwa a hagu suke, mastan yana ɗaya gefen. Faɗi shekarar mota da gefen sitiyari.

Ɗaurawa ba ta da wuya, amma a gaya wa bakanike ya juya notin saiti har ya taɓa mastan kawai, sannan ya kulle shi. In ya matse da ƙarfi, ya ɗora wa masta da busta nauyin da ba a yi su dominsa ba. In ya bar rata, ƙarfen ya zama ado. A sake duba notin bayan mako guda, don gargadar hanya na sassauta shi.