Bazara biyu da gurub a tsakar gida

Ba don sha'awa na sayi gurub, wato janareto, ba. Uwargidana na sana'ar ƙanƙara da zoɓo da lemun hari a gida, nan unguwar Talaje a Yamai, kuma tun watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, firigon ƙanƙararta ya koma randar ruwan ɗumi. Wanda ya zauna Yamai a lokacin ba sai an ba shi labari ba. Kafin nan kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, tamu ta Yamai ta layin Birnin Kebbi, da aka yanke sai aka koma rabon ɗan abin da injinan Goru Banda da na Gudel ke bayarwa, yau wannan unguwa, anjima waccan. Mun daure har hunturu ya wuce. Da na ga azumin 2024 zai kama cikin Maris, ga zafi ya fara leƙowa, ga Inna da hawan jini ba ta iya kwana ba fanka, sai na kwashe kuɗin adashina na nufi kasuwar Katako.

Kafin in tafi na yi abu ɗaya da har yau nake gode wa Allah a kansa. Na ɗauki biro na zaga gida ina karanta ƴar takardar da ke manne a bayan kowane kaya. Firigon ƙanƙara wat 180, ƙaramin firigo 120, fanka huɗu kowace 70, ƙwan fitila takwas masu wat 10, tele da akwatinta wajen 100. Duka bai kai wat 800 ba. Har na fara murna, na ce ashe ƙaramin nan mai arha da masu shago ke ajewa a bakin titi, wanda ake gauraya wa isansi da baƙin mai, shi ma zai kusa isata. Wani ƙanen abokina mai aikin wuta ne ya taka mini birki. Ya ce, «Yaya, abin da firigo ke ci yana tafiya daban, abin da yake fizga lokacin tashi daban. Sai ya ja ninki uku ko fi na ɗan lokaci. In biyun suka tashi tare, ƙaramin nan durƙushewa zai yi.» Ya ce in nemi mai kilowat 2 zuwa sama, kar in sauko.

A Katako kuwa ido ne ke ruɗewa. Ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, kowanne da lamba ƙatuwa a jikin tanki: 3500, 3800, 4500. Mai shagon da na tsaya wurinsa ya dafa wani ja ya ce, «Alhaji, wannan dubu uku da ɗari biyar ne, har kilim mai sanyaya ɗaki sai ya ɗauka.» Ban je Makka ba, amma duk mai shigowa da kuɗi a aljihu Alhaji ne a can. Na durƙusa na leƙa ƙaramin allon ƙarfe da ke gefe, wanda ba a so ka gani. An rubuta kilowat 2.2 na aiki, 2.5 iyakar ƙarfinsa na ɗan lokaci. Lambar 3500 suna ne kawai, kamar a raɗa wa yaro Giwa. Wani wayon kuma shi ne a faɗa maka ƙarfin a kVA, alhali sai ka rage kashi ɗaya cikin biyar kafin ka sami wat ɗin da kayanka za su ci. Na nuna masa allon, ya yi dariya, bai ji kunya ba ko kaɗan, ya ce ai ni ma na san kan abin.

Ba zan ambaci sunan da ke jikin nawa ba, don ba zai amfane ka da komai ba. Yawancinsu ƴan Sin ne, injin guda ake sauya wa riga: kwaikwayon ƙaramin injin Honda GX200 mai ƙarfin doki 6.5, wanda masu gyara ke kira 168F. Wannan ma alheri ne, domin duk lungun da ka shiga akwai kayan gyaransa. Honda na asali na gani a wani babban shago cikin gari, na ji kuɗin, na yi sallama na fito. Abin da ya bambanta ƴan Sin ɗin da juna yana ciki, wurin naɗin waya. Akwai mai jan ƙarfe, akwai mai alminiyom da aka shafa wa launi. Na alminiyom ya fi arha, ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi saurin ɗaukar zafi, a garin da rana ke kai maki 45 cikin Afrilu. Na ɗaga biyu masu lamba iri ɗaya, na zaɓi wanda ya fi nauyi, na sa aka buɗe murfin baya ƙanen abokina ya ɗan kankare bakin waya da wuƙa. Ja ne har ciki. Aka zuba mai aka tayar, muka jona dutsen guga, injin ya yi nishi ya miƙe, allura ta tsaya wajen 220. Daga jika 260, wato sefa dubu 260, muka sauko, na biya 225, aka ɗora mini a ɗan sahu. Takardar lamuni babu. «In ya ba da matsala cikin sati, kawo shi,» shi ke nan.

Kuɗin bai tsaya nan ba. Da na so in yi irin ta mutane, in haɗa waya mai kai biyu in soka a soket ɗin bango, sai yaron nan ya ce in haka zan yi shi ya cire hannunsa. Wutar gurub za ta bi waya ta fita har kan fol, ta iske ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a mace yake. In kuma wutar gari ta dawo ta yi karo da ta injin, naɗin ya ƙone nan take. Ya sa mini makunnin sauya layi mai hannu guda kusa da kwantar, wato mitar wuta: sama wutar gari, ƙasa gurub, tsakiya babu ko ɗaya. Da waya mai kauri da kuɗin aiki, jika 30 suka ƙara tafiya. A ranar na ji haushi. Yanzu ko Inna ta san inda za ta ja hannun.

To, ya yake aiki? Gaskiya yana yi. Firigo biyu, fanka huɗu, fitilu da tele, ko gezau. Azumin farko uwargida ba ta zubar da ƙullin zoɓo ko ɗaya ba, kuma da la'asar yara ke layi a ƙofar gida da kwanoninsu, don ƙanƙara a ranar da unguwa ta wuni ba wuta ta fi nama daraja. Amma maganar kilim ƙarya ce tsagwaronta. Na gwada sau ɗaya da dare firigon ƙanƙara na kai, fitilu suka yi ja, injin ya shaƙe kamar an maƙure rago, makarinsa ya faɗi. Ko dutsen guga sai an kashe firigo ɗaya. Kuma na lura da tsakar rana, lokacin da iska kanta ke ƙuna, ƙarfinsa bai kai na asuba ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne mai. Tankinsa lita 15 ne. Ina da ɗan littafi da nake rubuta awa da lita, kuma abin da na gani shi ne lita 3 a awa 4 in kayan da na lissafa ne kawai, kusan lita guda a awa in aka ƙara masa nauyi. Ko ƙwai ɗaya ka kunna sai ya sha, domin dole ya riƙa juyi 3000 a minti kafin ya ba da wuta irin tamu. A Afrilun 2024 ya yi awa 120, ya sha lita 90. Lita tana sefa 540 a lokacin, ka ga jika 48 da ɗoriya a wata guda, ban da takardar wutar gari da ba ta fasa zuwa ba. Cikin Yuli gwamnati ta sauko da lita zuwa 499, wato dala ɗari a bakin mai famfo, don ban taɓa ganin wanda ya miƙo canjin tamma ɗaya ba. Ko da ragin, da na yi lissafi wutar gurub ta ninka ta gari tsada fiye da sau uku. Ribar ƙanƙara ce ke ɗauke wannan nauyi. Wanda zai saya don kallon ƙwallo da shan iska kawai, ya fara duba aljihunsa da kyau.

Sai kuma azumin 2025 ya zo da nasa salon. Cikin Maris mai ya yi wuya a Yamai, layi tun daga gidan mai har kwana, matatar Damagaram ita kaɗai ba ta ƙosar da kowa ba, ƴan ruwa-ruwa kuma, masu sayar da mai a bakin hanya, da suka saba cike giɓi hanyarsu ta tsuke tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023. Ga gurub, ga zafi, ga tanki wayam. Na sayi kwalba uku a bakin hanya wurin wani yaro, kala kamar shayin da aka yi wa tafasa ta uku. Awa biyu injin ya fara tari, yana hawa yana sauka, fanka na bin sa. Washegari ya ƙi tashi sam.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a unguwar Bukoki, ƙarƙashin wata bedi. Bai tambaye ni komai ba. Ya kwance ƙaramin kofin da ke ƙasan karbirata, ya juye a tafin hannunsa ya miƙo mini. Ruwa ne ya kwanta a ƙasa dunƙule-dunƙule, da yashi mai laushi kamar garin kuka. Ya zare ƴar ƙusar tagulla mai huda, ya ɗaga ta sama yana kallon rana ta ciki, rana ba ta fito ba. Da silin waya guda ya buɗe ta, ya hura, ya mayar. «Ɗana, injin nan ba ya cin tuwo, me ya sa kake ba shi ƙasa?» Na ce, «Baba, wuya ce.» Ya buɗe gidan iska ya ciro soson, ya yi jajir da ƙurar hunturu har ya ƙage. Wannan kam laifina ne, ban taɓa sanin ana wanke shi ba. Ya wanke da sabulu, ya shanya, ya ɗiga masa baƙin mai ya matse. Jika biyu ya karɓa. Shi ne ya koya mini in riƙa rufe famfon mai in bar injin ya mutu da kansa duk lokacin da zai kwana biyu bai yi aiki ba, don kar isansi ya bushe ya bar danƙo a ciki. Yanzu ina tace mai da tsumma mai tsabta a bakin mazurari, ko daga ina ya fito.

Bidanji kuwa, wato canjin baƙin mai, ban yi wasa da shi ba tun farko: na fari bayan awa 20, daga nan duk awa 50 saboda ƙurarmu, ko da yake littafin ya ce 100. Bai kai lita ɗaya yake ci ba, kaɗan ya ɗara rabi. Yana da abin da ke kashe shi in baƙin mai ya yi ƙasa, kuma sau ɗaya ya cece ni, ranar da na aje shi a karkace na yi ta jan igiya ina zagin ƴan Sin.

Abubuwan da suka ba ni kunya a jikinsa ƙanana ne amma masu cin rai. Batirin tayarwa da makulli wata bakwai ya yi ya mutu, ban sake saye ba. Igiyar ja ta tsinke sau biyu, ta biyun ƙarfe biyun dare. Allurar da ke nuna mai a tanki ta maƙale a rabi tun watan farko. Ƙafafun roba sun tsage, sai da na yanka tsohuwar taya na shimfiɗa masa.

Akwai wanda ba ƙarami ba, kuma ni na jawo. Damina ta farko, don tsoron ruwa da ɓarayi, na shigar da shi baranda kusa da tagar ɗakin yara. Kwana biyu autarmu na tashi da ciwon kai da amai, muna ta ba ta maganin zazzaɓin sauro. Wata ƙanwar uwargida da ke aikin jinya ta zo da yamma, ta ga inda injin yake, ta ce, «Yaya, so kake ka kashe su?» Ashe gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi. A daren na jawo shi can ƙarshen tsakar gida, taku takwas daga kowace taga, bakin salansa na kallon katanga. Daga baya na yi masa rumfar kwano a buɗe ta kowane gefe, na dasa ƙarfe cikin siminti na ɗaure shi da sarƙa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Matsar da shi ɗin kuma ta kai ƙarar jikin ɗakin maƙwabcina. Ba shi da shiru ko kaɗan, in yana aiki sai ka ɗaga murya a tsakar gida. Malamin bai taɓa cewa uffan ba, sai dai gaisuwar asuba ta fara gajarta. Na ja masa waya ta kan katanga, fanka ɗaya da ƙwai ɗaya, muka kuma yi ƙa'ida ƙarfe sha biyu a kashe, sai in daren ya yi tsanani saboda Inna. Gaisuwa ta dawo har da tambayar iyali.

In aka ce in sake zaɓe, irinsa zan ɗauka, amma marar makulli, in rage kuɗin batirin da ba ya daɗewa. Wanda ba shi da firigo, fitila da fanka da cajin waya ne buƙatarsa, ni dai ban ga dalilin ya sayi wannan hayaniya ba, faifan hasken rana biyu da batiri sun fi masa kwanciyar hankali. Mu ma uwargida ta fara zancen, ta ce a mayar da fankoki da fitilu kan rana a bar wa gurub firigo kaɗai. Na je na tambayo kuɗin batiri mai kyau makon jiya, na dawo na faɗa mata, ta yi shiru ta ci gaba da ƙulla zoɓonta. Littafina ya nuna awa 940. Dattijon Bukoki ya ce in ya cika dubu in kai masa ya duba bawul, kuma in zo da sabon buji.