Fayafayan garmaho huɗu daga 1959 zuwa 1973: wanne ne ya cancanci kuɗin mai saye?

Faifan garmaho ya dawo kasuwa bayan an daɗe da zaton kaset da CD sun binne shi. Alƙaluman RIAA, ƙungiyar kamfanonin waƙoƙi ta Amurka, sun nuna cewa a shekarar 2022 an sayar da fayafayan garmaho kimanin miliyan 41 a ƙasar, yayin da aka sayar da CD miliyan 33, kuma rabon da garmaho ya sha gaban CD a yawan fayafayan da aka sayar tun 1987. Ganin haka manyan kamfanoni suka koma rumbunansu suna sake buga tsofaffin fayafayai, suna sayarwa a farashin da ba na wasa ba, balle ga wanda sai ya ƙara da kuɗin kawowa daga ƙasar waje. Tunda duk waɗannan waƙoƙi suna nan a intanet, kowa yana iya jinsu a wayarsa, ya dace a tambaya mene ne mai saye yake samu idan ya fitar da kuɗinsa.

Masu sayarwa za su ce sautin garmaho ya fi na waya daɗi, amma wannan magana ba kullum take zama gaskiya ba, domin ta dogara ga ingancin bugun, da allurar, da lasifikar mai sauraro. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne tsarin faifan. Lokacin da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai a 1948, mai faɗin inci 12 wanda yake juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, kowane gefe yana ɗaukar kiɗan minti 22 ko kusa da haka. Makaɗan wancan zamani sun san dole mai sauraro ya tashi ya juya faifan a tsakiyar tafiya, saboda haka waɗanda suka san aikinsu suka riƙa tsara kowane gefe da mafarinsa da ƙarshensa. Da wannan ma'auni na auna fayafayai huɗun nan, kuma ba dukkansu ba ne suka ci jarrabawar daidai wa daida.

Na farko, na kiɗan jazz, shi ne Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a zama biyu kacal, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959, a sutudiyon Columbia da ke titi na 30 a birnin New York, wani tsohon coci ne mai dogon rufi da aka mayar wurin ɗaukar sauti. Ya fito a watan Agustan shekarar. Davis ne yake busa ƙaho, John Coltrane da Cannonball Adderley suna kan saksofon, Paul Chambers yana riƙe da bas, Jimmy Cobb yana kan ganguna, Bill Evans kuma yana fiyano, in ban da a "Freddie Freeloader" inda Wynton Kelly ya karɓe shi. Kiɗa biyar ne a cikin faifan, uku a gefen farko, biyu a na biyu, kuma babu muryar mawaƙi ko ɗaya daga farko har ƙarshe.

Abin da ya bambanta wannan faifai da jazz ɗin da ya gabace shi shi ne natsuwa. A salon da ake yayi kafin nan, ginshiƙin kiɗan yana sauyawa da sauri, mai busa yana binsa a guje don ya nuna gwaninta. Davis ya rage waɗannan sauye-sauye ƙwarai, ya ba makaɗansa 'yan matakan sauti kaɗan, ya bar kowa ya daɗe a kan mataki guda yana ƙirƙirar abin da zai busa nan take. A "So What", bas ne yake fara jefa tambaya, fiyano da masu busa suna amsa masa da sauti biyu tak, kamar yadda 'yan amshi suke karɓa wa makaɗin fada. Daga nan Cobb ya doki faifan tagulla sau ɗaya, Davis ya shigo a hankali, yana barin sarari tsakanin jimla da jimla. Shi da kansa ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa kallon wata ƙungiyar rawa daga ƙasar Gini yana cikin abubuwan da suka sa shi neman wannan salo, kuma kunnen da ya saba da kiɗan Afirka ta Yamma ba zai sha wahalar bin "All Blues" ba, wanda yake tafiya a kan ƙidayar shida.

Akwai wani abu da ya kamata mai saye ya sani game da bugun. Na'urar da aka ɗauki zaman farko da ita tana tafiya a hankali fiye da ƙima, saboda haka a tsofaffin fayafayan sitiriyo, wato masu raba sauti zuwa lasifika biyu, kiɗa ukun gefen farko suna fitowa da ɗan sauri, sautinsu kuma ya ɗan ɗaga sama. Ba a gyara wannan ba sai a 1992. Wanda ya samu tsohon bugu a gwanjo zai ji faifan yadda mutane suka ji shi tsawon shekara 30 da ɗoriya, wanda kuma ya sayi sabon bugu daga amintaccen kamfani zai ji shi yadda aka busa shi a ɗakin. A ganina sabon ya fi, kuma ba don saurin kawai ba. Kiɗa irin "Blue in Green" a hankali yake tafiya, kusan raɗa ne, kuma duk wani ƙarce da ke jikin tsohon faifai a nan yake fitowa fili ya ɓata sauraro. A kuma lura da sunan kamfanin da ke bayan kwalin, domin a Turai akwai masu buga irin waɗannan tsofaffin fayafayai da araha ba tare da sun samu asalin tef ɗin da aka ɗauka a sutudiyo ba. Rubutun "giram 180" da ake liƙawa a gaban kwali nauyin faifan kawai yake nunawa, bai ce komai a kan ingancin sautin ba.

Idan mutum faifai ɗaya kawai zai iya saye cikin huɗun, shawarata ita ce What's Going On na Marvin Gaye, wanda ya fito a watan Mayun 1971 a ƙarƙashin Tamla, reshen kamfanin Motown na birnin Detroit. Kafin wannan lokaci an san Gaye ne da waƙoƙin soyayya, kuma Motown kamfani ne da ya ginu a kan gajerun waƙoƙi masu daɗin rawa waɗanda ba sa taɓa siyasa. Abubuwa da dama suka sauya masa tunani: rasuwar abokiyar waƙarsa Tammi Terrell a watan Maris na 1970, da labaran da ƙanensa Frankie ya dawo da su daga yaƙin Biyetnam, da kuma wata waƙa da Renaldo Benson na ƙungiyar Four Tops ya fara tsarawa bayan ya ga 'yan sanda suna dukan masu zanga-zanga a Berkeley a 1969. Mai kamfanin, Berry Gordy, ya ƙi amincewa da waƙar da farko, Gaye kuma ya dage cewa ba zai sake ɗaukar komai ba sai an fitar da ita. Da ta fito a watan Janairun 1971 ta samu karɓuwa nan da nan, sai aka ba shi damar kammala faifan yadda yake so.

Waƙoƙi tara ne, tsawonsu duka bai wuce minti 36 ba, kuma a nan ne garmaho yake nuna amfaninsa. Waƙoƙi shidan da ke gefen farko a haɗe suke, kowace tana narkewa cikin ta gaba babu tsayawa, a bakin wani soja da ya dawo gida ya tarar da rashin aiki, da shaye-shaye, da yara marasa gata, har a kai ga "Mercy Mercy Me" wadda take kuka a kan gurɓatar iska da teku. Wanda ya ciri waƙa ɗaya daga ciki ya ji ta a waya ya ji waƙa mai daɗi, amma bai ji labarin ba. Gefe na biyu waƙa uku ne, ya fi na farko sassauci, kuma a gaskiya "Right On" ta ɗan yi tsawo fiye da abin da take ɗauke da shi, sai dai "Inner City Blues" da ta rufe faifan ta biya wannan bashi.

Abu biyu ne suka fi jan kunnena a aikin sautin. Na farko shi ne jitar bas ta James Jamerson, wadda ba ta tsaya ga riƙe kiɗa kawai ba, tana yawo a ƙarƙashin muryar tana faɗin tata maganar. Wannan ne faifai na farko da Motown ya rubuta sunayen makaɗan sutudiyonsa a jikin kwali, bayan sun shafe shekaru suna aiki ba a san su ba, kuma wannan kaɗai dalili ne na riƙe kwalin a hannu a karanta. Na biyu shi ne yadda ake jin Gaye yana waƙa da murya biyu a lokaci guda, ɗaya tana gaba ɗaya tana bi, abin da ya samo asali daga kuskuren injiniyan sauti da ya kunna ɗauka biyu tare, Gaye ya ji ya ce a bar shi haka. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa faifan a matsayi na ɗaya cikin jerin fayafayai 500 da ta ce sun fi kowanne. Irin wannan jeri ra'ayi ne na masu zaɓe, amma a wannan karon ban ga inda suka zarce ba.

A ɓangaren rock, The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wanda ya fito a watan Maris na 1973, yana cikin fayafayan da masu sayar da garmaho suke son kunna wa mai saye don gwada na'ura. An ɗauke shi a sutudiyon Abbey Road da ke Landan, Alan Parsons ne injiniyan sautin, kuma kowane gefe kiɗa ne guda mai tafiya ba yankewa. Da bugun zuciya yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa. Gefen farko yana rufewa da muryar Clare Torry, wadda ta rera ba tare da furta kalma ko ɗaya ba, aka biya ta fam 30 a lokacin, sai a 2005 aka sa sunanta cikin marubutan waƙar bayan ta kai ƙara kotu. Da an juya faifan sai a ji ƙarar sulalla da injin lissafin kuɗi na kanti suna buɗe "Money", kuma wannan ɗan shirun da ke tsakanin gefe biyun wani ɓangare ne na tsarin, wanda yake ɓacewa idan aka jera waƙoƙin a waya. Baitocin ba su kai kiɗan zurfi ba, wasu ma nasihohi ne da kowa ya sani a kan gudun lokaci da son kuɗi, amma ba don baitoci ake sayen wannan faifai ba.

Sai dai shi ne ya fi sauran buƙatar kulawa, saboda yawan wuraren da kiɗan yake yin ƙasa sosai. Ƙura ɗaya ta maƙale a cikin layin faifan, allura za ta sanar da kowa a ɗakin. A wurare irin namu, inda hunturu yake shigo da ƙura ta kowace kafa, bazara kuma take zuwa da zafin da yake lanƙwasa roba, wajibi ne a goge faifai da burushi mai laushi kafin a ɗora allura, a mayar da shi cikin rigarsa da zarar an gama, a ajiye shi a tsaye nesa da taga, kada kuma a bar shi cikin mota a rana.

Na huɗun, Band on the Run na Paul McCartney da ƙungiyarsa Wings, labarinsa ya fi jan hankalin ɗan Najeriya, domin a Legas aka ɗauki mafi yawansa, a sutudiyon kamfanin EMI, cikin watan Satumban 1973. Mutum biyu sun fice daga ƙungiyar gab da tafiya, saboda haka McCartney da matarsa Linda da Denny Laine ne kawai suka iso, shi McCartney ya haɗa da kaɗa ganguna da kansa. 'Yan fashi sun tare shi da matarsa da wuƙa wata rana da dare suka ƙwace kaset ɗin gwajin waƙoƙin, Fela Kuti kuma ya zarge shi a bainar jama'a da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da aka kunna masa waƙoƙin ya ji babu abin da aka ara. Hakan kuwa gaskiya ne, kuma a nan ne ƙorafina yake: mutum zai saurari faifan daga farko har ƙarshe bai ji alamar Legas a cikinsa ba. Waƙoƙi ne masu daɗi, musamman biyun farko, amma kowace zaman kanta take yi, kuma ba ta rasa komai idan aka ji ta ita kaɗai a waya. Ban ga dalilin biyan kuɗin sabon bugu mai tsada a kansa ba. Wanda ya ci karo da tsohonsa a gwanjo da araha, ya ɗaga faifan a haske ya duba ƙarce, sannan ya karanta jerin waƙoƙin da ke bayan kwali, domin bugun Amurka yana ɗauke da "Helen Wheels", asalin bugun Ingila kuwa babu ita.