freeCodeCamp ga mai koyon gina shafin intanet a Kano: inda yake da amfani da inda zai bar ka

freeCodeCamp dandalin koyon rubuta kod ne da Quincy Larson ya kafa a Amurka a 2014. Ba a biyan ko sisi, har takardar shaidar kammalawa kyauta ce. Duk mai son iya gina fuskar shafin intanet, wato HTML da CSS da JavaScript, nan ya dace ya fara. Sai dai kada ya yi zaton nan zai gama.

Ba ka bukatar saukar da komai, burauza ta isa. Umarni na gefe guda, wurin rubutu na kusa da shi, ga kuma yadda shafin yake fitowa nan take. Tsohuwar laftof mai RAM 4GB, irin wadda ake samu a titin Beirut, za ta ɗauka. Yawancin aikin rubutu ne, don haka ba ya shan data kamar bidiyon YouTube. In ka yi rajista, duk matakin da ka wuce an adana shi, ko an ɗauke wuta batir ya mutu, abin da ka rasa bai wuce matakin da kake kai ba. Da waya ma ana yi, amma neman alamomin < da { da ; a allon waya zai gajiyar da kai tun ba a je ko'ina ba. Darussan suna cikin Turanci da wasu harsuna, babu Hausa.

Manhajar da ke duba aikinka a dandalin wani lokaci tana da taurin kai: shafin ya fito daidai, amma ta ƙi wucewa da kai saboda ba a rubuta yadda take jira ba. Wannan ƙaramin abu ne, sake karanta umarnin kalma-kalma yakan warware shi.

Babbar matsalar ita ce riƙon hannu. Kowane mataki an tauna maka shi, kai dai haɗiya. Ranar da ka buɗe VS Code, manhajar rubuta kod a kwamfuta, da fayil fari fat, wani mai shago a Kantin Kwari ya ce ka yi masa shafin tallar atamfa da shadda, sai ka ji kamar wanda ya koyi tuƙi a fili aka ce ya shiga kasuwa da mota. Abubuwan da ke kayar da mutane a nan ba manya ba ne, dandalin ne yake yi maka su a ɓoye.

CSS ya ƙi aiki: galibi sunan fayil ne. Ka rubuta style.css a cikin HTML, fayil ɗin kuma styles.css ne, ko yana cikin wata folda. Hoto ya fito a kwamfutarka amma ya ɓace bayan ka ɗora a GitHub Pages, inda ake ɗora shafi ya hau intanet: Windows bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, sabar kuwa ta damu, Shadda.JPG daban, shadda.jpg daban. Ka gyara launi bai sauya ba: burauza ce ta riƙe tsohon, danna Ctrl da F5.

Akwai wadda ta shafe mu kai tsaye. In babu layin meta charset="UTF-8" a saman shafi, ƙ da ɗ da ɓ suna iya rikiɗewa su zama tarkacen alamomi. Ko da layin yana nan, salon rubutu da yawa ba su da waɗannan baƙaƙe, sai burauza ta aro daga wani salon, ka ga ƙ ɗaya ta fita daban a tsakiyar kalma. Noto Sans yana da su duka. Ka kuma sa lang="ha", don burauza ta san shafin da Hausa yake. Darasin da aka tsara da misalan Turanci ba zai nuna maka matsalar waɗannan baƙaƙe ba.

Lissafin faɗi ma yana rikita sababbi. Akwati mai faɗin 300px, ka ba shi padding (sararin ciki) 20px da border (layin kewaye) 2px a kowane gefe, zai zama 344px, shi ya sa shafi yake zamewa gefe a waya. Sa box-sizing: border-box tun farko. Kuma tunda masu ziyartar shafin da Tecno da Infinix da itel za su zo, danna F12, ka rage faɗin allo zuwa 360px, ka fara gini daga nan, kada ka manta layin viewport, wanda ke sa shafi ya bi faɗin allon waya. A JavaScript kuwa, abin da aka karɓo daga fom rubutu ne, ba lamba ba, "5" + 2 zai ba ka 52. Kuskuren null, wato kod ya nemi abu bai same shi ba, da ke tayar da hankali, sau da yawa kod ne ya gudana kafin shafin ya gama lodi, sa kalmar defer a layin script ya isa magani.

Hanya mafi kyau: kowane sashe ka gama, rufe dandalin, ka sake gina shi a VS Code da Live Server (ƙarin da ke nuna shafin nan take a burauza) ba tare da leƙe ba. Don duba bayani, shafin MDN na Mozilla ya fi kowa, DevDocs kuma yana bari ka sauke bayanan ka karanta ba intanet.

Kada ka yi gaggawar React, kayan aikin JavaScript na gina fuskar shafi. Umarnin npm install guda, wanda ke sauko da kayan aikin, yana iya cika folda da dubban fayiloli, a kan datarka. Tsofaffin bidiyo da yawa har yanzu Create React App, tsohuwar hanyar fara aikin React, suke koyarwa, alhali masu React sun yi ritayarsa a Fabrairun 2025. In lokacin ya yi, da Vite, wata hanyar fara aikin React, za ka fara.