Sharhi kan kamfanonin shiga tsakani wajen ɗauko yaron riƙo daga Najeriya zuwa Amurka

Tun daga ranar 14 ga Yulin 2014, duk Ba'amurken da zai ɗauko maraya daga wata ƙasa sai ya bi ta hannun kamfani mai lasisi, ko da kuwa yaron ɗan ƙanensa ne a Zariya. Saboda haka ɗan Najeriya mazaunin Amurka ba shi da zaɓin ya yi da kansa. Abin da ya rage masa shi ne ya san me yake saya da dubban dalolin da zai zuba, da inda aikin kamfanin ke tsayawa.

A ɓangaren Amurka, galibinsu sun iya aikinsu. Su ke shirya binciken gida, inda ma'aikacin jin daɗin jama'a zai zo ya duba muhalli, samun kuɗi, lafiya da tarihin laifi na duk baligin da ke gidan. Su ke ba da horon da doka ta wajabta, aƙalla awa 10. Suna lura kada rahoton binciken ya wuce wata 6 kafin a miƙa shi ga hukumar shige da fice ta USCIS tare da fom I-600A na neman amincewa da mai riƙo, sannan fom I-600 na yaron kansa idan an san shi. Nan kam kuɗi bai tafi a banza ba. Kamfanin kirki zai kuma gaya maka tun zaman farko cewa wannan hanya ta ɗan ƙasar Amurka ce kawai. Mai katin zama na dindindin ba ya cikinta, wanda ba shi da aure kuma sai ya kai shekara 25. Idan aka karɓi kuɗin rajista kafin a yi maka waɗannan tambayoyi, ka nemi wani.

Da zarar an sauka Najeriya sai aikin ya fara rauni. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 kan riƙon yara tsakanin ƙasashe, kuma babu ofishi guda da ke riƙe da lamarin. Kowace jiha da ma'aikatarta ta harkokin mata da kotunta. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce mai nema ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, yaron ya zauna a hannunsa wata 3 a jere kafin hukunci, kuma ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a wata 12 kafin nan. Akwai ma sharaɗin zama a jihar. Jihohi sun bambanta wajen yadda suke aiki da waɗannan, kuma a nan ne ake gane kamfanin da ya san ƙasa da wanda lambar wayar lauya ɗaya kawai yake da ita a Legas. Wanda ya saba da kotunan Legas ba lallai ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a Kaduna ko Filato ba. Ka tambaye su kai tsaye: a wace jiha suka taɓa kammala irin wannan, kuma wa zai tsaya maka a kotu?

Babban aibin da ke cikin takardun tallarsu shi ne jadawalin tafiya. Ana nuna wa mutum kamar hutun aiki guda zai isa. Wata ukun nan kaɗai ya rushe lissafin, balle ɗage zaman kotu da hutun alƙalai. Ma'aurata da yawa kan ƙare da raba tafiya, ɗaya ya koma bakin aiki, ɗaya ya zauna da yaro. Kuɗin masauki, mota da canjin tikiti kuwa yawanci ba sa cikin farashin da aka rubuta. Doka ta tilasta wa kamfani ya ba ka jerin kuɗaɗe a rubuce da ƙa'idar mayar da abin da ba a yi aikinsa ba, to ka karanta layin da ya shafi kuɗin da ake kashewa a ƙasar waje sau biyu.

Hukuncin kotun Najeriya ba biza ba ne, kuma wannan ne abin da ya fi karya zuciyar mutane. Bayan an gama da kotu, ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas yana yin nasa binciken, wanda ake kira I-604, don tabbatar da cewa yaron ya cika sharuɗɗan dokarsu. Saboda badaƙalar gidajen sayar da jarirai da takardun bogi, ba sa wasa da shi. Suna iya kiran dangi, su je gidan marayu, su nemi gwajin ƙwayar halitta, kuma abin kan ɗauki watanni. Babu kamfanin da ke da ikon gaggauta shi. Wanda ya ce yana da hanya a ciki, ƙarya yake.

Ga 'yan arewa matsalar takan fito ta wuri biyu. Na farko takardu: a wurinmu ana rasuwa da safe a yi jana'iza kafin azahar, ba wanda ya tuna da takardar shaidar mutuwa. Sai bayan shekaru a je a yi rantsuwa a kotu, a karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa duk a mako guda, jami'in biza kuwa da ya ga kwanan wata iri ɗaya sai ya ɗaga gira. Katin asibiti, katin rigakafi da rajistar makaranta na asali sun fi sabuwar takarda mai kyalli nauyi. Na biyu, idan mahaifi ya rasu uwa na raye, sai an nuna ba ta iya ɗaukar nauyin yaron, kuma ta sallama shi a rubuce, sallamar da ba komawa. Idan ta sake aure, lamarin na iya ƙara cakuɗewa. Yaron da iyayensa biyu ke raye, aka ba kawu don ya yi karatu, a mafi yawan lokuta ba ya shiga wannan layi ko kaɗan. Kamfani nagari yana tace wannan kafin ka sayi tikiti. Ragon kamfani kuwa, sai ka iso Legas ka ji daga bakin jami'i.

Ta fuskar addini kusan duka kamfanonin ba su da abin cewa. Musulmi ya san Suratul Ahzab ta hana jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kuma ɗan riƙo ba ya gado sai dai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Maganar sunan da za a rubuta a hukuncin kotu da fasfo, da malami da lauya za ka warware ta tun kafin a buga takarda, domin gyara daga baya wahala ne.

Matakin ƙarshe kamfanonin suna yin sa da kyau: fasfon Najeriya na yaro, ganin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, gwajin jini na tarin fuka ga ɗan shekara 2 zuwa sama, sai ganawa da jami'in biza. Idan an kammala riƙon a Najeriya kuma ɗaya daga cikin ma'auratan ya ga yaron kafin hukunci ko lokacinsa, bizar IR-3 ake bayarwa, yaron ya zama ɗan ƙasa da shigarsa. In ba haka ba bizar IR-4 ce, mai ita kuma sai an ƙarasa riƙon a kotun jihar Amurka da za a zauna. Mazauna Birtaniya su sani tasu ƙofar daban ce, domin tun Maris 2021 gwamnatin can ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko yara daga cikinsu. Dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya ma suna yawan sauyawa, don haka a duba shafin ma'aikatar harkokin wajensu kafin a biya kowane kaso, kuma kada a yanki tikitin dawowa da yaro sai fasfo ya fito da biza a ciki.